Juyi 100 a minti 3

Bayan sadakar arba'in ta Kawu aka zauna rabon gado a zauren gidansa da ke Birni, can bayan fadar Sarkin Damagaram. Ni ɗan ƙanwa ne, ba ni da kaso, shayi kawai nake zuba wa manya. An raba gida, an raba gonar hanyar Mirya, an raba tumaki, har babur ɗin da ya shekara biyar bai tashi ba sai da ya sami mai so. Akwatin ƙarfe guda ne aka bari a lungu. Wani dattijo ya ɗaga murfin, ya leƙa, ya mayar ya rufe, ya ce kayan kiɗa ne, a ba yara su yi wasa.

Da jama'a suka watse Inna, matar Kawu, ta aiko a kira ni. Tana cikin takaba, daga bayan labule ta yi magana. Ta ce, "Ɗana, kai ne mai zama bakin ƙofarsa in ya kunna abin nan. Ka kwashe su kafin gara ta ƙarasa." Bayan la'asar na samo amalanke, aka ɗora akwatin da garmahon, na bi su a ƙafa har gida.

Kawu mushe ne, wato malamin makaranta, ya koyar a lakwal fiye da shekara talatin. Kiɗan jazz na Amurka ta rediyo ya shige shi, ta gajeren zango, a shirin da Willis Conover ya riƙa gabatarwa a Muryar Amurka daga 1955 har ya rasu a 1996. Mutumin a hankali yake Turanci, kalma bayan kalma, shi ya sa Kawu, da Faransanci ya yi karatu, yake iya tsintar sunayen makaɗa ya rubuta a littafi yadda kunnensa ya ji su. Fayafayan kuwa yawancinsu daga Dakar ya zo da su lokacin da aka tura shi ƙarin karatu. A cikin rigar kowane faifai ya sa fensir ya rubuta gari da shekara. Ni a lokacin ɗan aike ne, sukari da ganyen shayi nake sayo masa, ladana shi ne a bar ni in zauna a dokin ƙofa. Daga nan ciwon ya kama ni. Na girma ina sauraron jazz a kaset, daga baya a waya, amma ban taɓa riƙe faifai da sunan nawa ba sai ranar.

Guda 64 na ƙirga. Kusan duka manya ne masu faɗin santimita 30, sai ƴan ƙanana uku masu 25. Na buɗe akwatin da murna, kafin in kai ƙasa jikina ya yi sanyi. A kwance aka jibge su, wani kan wani, da littattafai a gefe guda suna danne su, a ɗaki mai rufin kwano. Wanda ya san watan Afrilu da Mayu a Zinder, lokacin da zafi ke wuce digiri 40 a inuwa, ya san abin da ɗakin kwano ke zama da azahar. Faifan garmaho roba ne, zafi na sa shi laushi, nauyi kuma ya lanƙwasa shi. Na ƙasa gara ta cinye kwalayensu, ta bar ginin laka a kansu. Robar dai ba ta ci ba, Allah Ya sa ba abincinta ba ne. Na kasa su uku a tabarma: masu lafiya da wanka kawai suke bukata, masu ɗan karkata, da guda biyar da suka koma kamar faifan kaba da aka rufe tukunya da shi shekara da shekaru.

Kuskuren farko a daren na yi shi. Na ɗauko Moanin' na Art Blakey, wanda Kawu ke kira Malam Buhaina saboda sunan da ya ɗauka da ya musulunta, Abdullah ibn Buhaina. Na ga ƙura a kai, na sa gefen rigata na goge. Ƙurar Damagaram ba gari ba ce, yashi ne. Na ɗaga shi a fitila na ga na ja masa zane uku. Har yau in kiɗan ya kai wurin sai ya yi ƙas, ƙas, ƙas, ni kuma in tuna rigar.

Daga nan na daina gaggawa, na koyi wanka. Matsala ta fara daga ruwa. Ruwan da mai garuwa ke kawo mana in ya bushe a kan abu baƙi yakan bar farin tabo, tabon nan kuwa in ya zauna cikin siririyar hanyar da allura ke bi ya fi ƙurar muni. Abin da ake so shi ne tataccen ruwa, irin wanda ake ƙara wa batirin mota. Na je wajen masu kayan gyaran mota, sai da na maimaita sau uku cewa ba mai asid nake so ba. Yaron shagon ya tambaye ni wace irin mota ce ke shan lita goma. Na ce masa tsohuwa ce ƙwarai.

Yadda nake yi: ɗigo ɗaya na sabulun wanke kwanuka a kofin ruwa, ɗaya tak. Burushi mai laushi, na kwalliyar uwargida na ara, ban kuma mayar ba. Ana bin da'ira ne yadda hanyar allura ta zagaya, ba a tsallaka ta. Takardar tsakiya mai ɗauke da sunaye ba ta son ruwa, sai in kifa mata ƙaramin kofi in danne. A ɗauraye da tsabtataccen ruwa sau biyu, a jingina a tsaye a mazubin faranti ya bushe da kansa. Ba a kai shi rana, ba a kai shi tsakar gida.

Wanka bai ba ni wuya kamar shanya ba, don aikin ya faɗo cikin hunturu. Iska a bushe take, faifai kuwa in ya bushe a irin wannan iska yakan ja ƙura kamar maganaɗisu. Kana gani za ka wanke shi tas, kafin ka juya ya yi fari. Dabarar da na samu ita ce aiki bayan sallar asuba kafin iska ta tashi, a rufe taga, a yayyafa ruwa a daɓe, a rataya jiƙaƙƙen zane a ƙofa. Guda huɗu nake yi a rana, wata rana biyu. A garin da ake sayen ruwa da jarka, uwargida ta tsaya tana kallon ina yayyafa shi a ƙasa saboda fayafayai. Ba ta ce komai ba sai rana ta biyar, ta ce, "Malam, kowa ya ƙona rumbunsa ya san inda toka ke kuɗi." Na ce haka ne.

A wannan wankan na fara sanin fayafayan da hannu, abin da waya ba ta taɓa ba ni ba. Tsakanin ƙarshen kiɗa da takardar tsakiya akwai fili mai santsi, in ka karkata shi a haske za ka ga lambobi da haruffa. A kan wasu na ga an buga VAN GELDER. Rudy Van Gelder shi ne mutumin da ya ɗauki sautin yawancin fayafayan kamfanin Blue Note na wancan zamani. Da rana mai auna ido ne yana ba mutane tabarau, da dare ya ɗauki makaɗa a falon gidan iyayensa a Hackensack, jihar New Jersey. A wannan falo aka ɗauki Moanin' ɗin da na zana, a watan Oktoba na 1958. Sai a 1959 ya bar aikin tabarau ya koma ɗakin da ya gina a Englewood Cliffs. Na jima ina kallon sunan. Abu ya taso daga falon wani gida a Amurka, ya bi ta Dakar, ya kwana shekaru ƙarƙashin kwano a Birni, ga shi a hannuna yana ɗigar ruwan batir.

Babbar asarata ta zo da bazara. Na ji ana cewa faifan da ya lanƙwashe ana sa shi tsakanin gilashi biyu a bar shi a rana ya miƙe. Mai yiwuwa a ƙasar da rana ke da kunya haka ne. Na sa aka yanko mini gilashi biyu, kuma maimakon in gwada da wanda ban damu da shi ba, na ɗauko wanda na fi so: ƙaramin faifan Miles Davis na kiɗan fim ɗin Louis Malle, Ascenseur pour l'échafaud, wanda aka ɗauka a Paris cikin dare guda a Disamban 1957. Na ajiye shi kan soro da hantsi, na ce minti goma. Aka yi sallama, baƙo ne daga Magariya, muka gaisa, muka sha ruwa, muka taɓa hira. Da na tuna na hau da gudu. Ya miƙe kam, ya yi sumul, har hanyar allurar ta narke ta shafe a gefe guda. Garin neman gira na rasa ido. Sauran huɗun na sa su tsakanin gilashin a cikin ɗaki, na ɗora littattafan Kawu a kai, na manta da su wata biyu. Biyu sun miƙe yadda allura za ta iya bi, biyu sun ƙi.

Garmahon ƙirar Japan ne, irin wanda zoben roba ke juya farantinsa. Na kai shi wajen wani tsoho mai gyaran rediyo da ke da rumfa kusa da Kasuwar Dole. Yanzu cajar waya da fitilar sola yake gyarawa, amma da ya ga abin da na sauke sai ya ture su gefe, ya gyara zama. Ya ɗaga farantin, zoben ya narke ya zama kamar kwalta. Ya kankare, ya wanke da alkol, ya ɗiga mai a gindin farantin, ya jona. Injin ya yi ƙara a hankali. Ya ce, "Ɗana, ransa na nan." Zobe ne babu. Ya yanko daga tsohon tib na babur ya ɗaura. Ya juya, amma fiyano ya riƙa rawa kamar ruwa a ƙwarya bisa kan yarinya, don kaurin robar ba ɗaya ba ne. Baba ya sa zare ya zagaya inda zoben ke bi, ya rage kaɗan, ya yanke, ya ce a nemo mai wannan tsawon a Kano.

Wani direba da ke bin hanyar Matamaye da Daura na ba zaren da kuɗi. Zobe ya zo a tafiya ta farko. Allura ce ta wahalar da mu, laifina ne kuma, don hoto na tura a waya maimakon in ba da tsohuwar. Aka kawo wadda ba ta shiga. A karo na biyu na cire kan gaba ɗaya na naɗe a tsumma, aka dawo mini da sabon kai da allurarsa. Da muka ɗaura, Baba ya zaro dala biyar daga aljihu zai ɗora a kan hannun garmahon don kada allura ta yi tsalle, yadda suka saba a da. Na riƙe hannunsa, na ce, "Baba, a yi haƙuri, wannan huɗa za ta yi." Nauyin da ake so a bakin allura kamar giram 2 ne. Muka ari ƙaramin sikeli wajen wani maƙerin azurfa, muka yi ta murɗa nauyin baya har ya tsaya daidai.

Na ɗauka an gama. Na jona a sifikar da nake sa waya, sai ga sauti siriri kamar kukan sauro, babu ganga, babu bas, wato sautin nan mai kauri. Ashe da gangan ake yanka faifai haka: ana rage ƙananan sautuka masu kauri don hanyar allura ta yi siriri kiɗa mai yawa ya shiga, ana ƙara masu tsini don su rinjayi ƙarar roba. Dole a sami amfilifaya mai ƙofar da aka rubuta wa phono, ita ce ke mayar da komai wurinsa. Wajen wani mai ba da hayar lasifika a biki na samo tsohuwa, jika 15 bayan doguwar ja-in-ja. Ta zo da gurnani, sai da Baba ya ɗaure wata ƴar waya daga garmaho zuwa jikin ƙarfenta ta yi shiru.

Daren farko Baba ya zo gida. Na zaɓi Eastern Sounds na Yusef Lateef, na 1961. Ina sauke allura aka ɗauke wuta. Muka zauna a duhu muna shan shayi har kusan sha ɗaya. Da ta dawo ban ma kunna fitila ba. Ƴar ƙas-ƙas ta farko, sannan ɗakin ya cika. Can cikin faifan Lateef ya ɗauki obo, Baba ya ajiye kofi ya ce, "Kai, wannan ai algaita ce." Bai yi kuskure sosai ba, dangi ne, dukansu da tagwayen kara ake busa su, sai dai ta fada ta fi tsiwa. Na gaya masa mutumin Musulmi ne, ya ma zauna a Zariya daga 1981 zuwa 1985 yana bincike a Jami'ar Ahmadu Bello. Baba ya ce shi ya sa, ai ya ji. Ban ce masa faifan ya riga zuwa Zariyar da shekara ashirin ba.

Rigima ta zo da Kind of Blue. Wannan faifai na Miles Davis na haddace shi a waya, na san inda Paul Chambers ke shigowa da bas, na san inda Coltrane ke karɓa, na san inda Cannonball Adderley ke biyo shi. Na Kawu bugun Turai ne na kamfanin CBS. Na sa gefen farko, wani abu ya tsaya mini a kunne. Komai na nan, amma kamar an ɗan ɗaga shi sama. Na kunna na waya tare da shi, na daidaita farkonsu. Sautukan biyu suka riƙa gogar juna, kuma kafin So What ya ƙare faifan ya tsere wa wayar da daƙiƙu. Na ce shi ke nan, garmaho na gudu.

Washegari na je rumfa da zafina. Na ce, "Baba, aikin nan bai yi ba." A gaban mutane na faɗa, abin da bai kamata ba. Bai tanka ba. Bayan magariba sai ga shi da guntun alli. Ya ja layi a gefen farantin, ya ce in riƙe agogon waya. Babban faifai yana juyi 33 da sulusi a minti, ke nan a minti 3 juyi 100 cif. Ya tsuguna, yatsa a kan tebur, yana ƙirga duk wucewar allin. Na ce tsaya, ya ce ɗari. Muka sake, ɗari. Muka yi musanya, ni na ƙirga shi ya riƙe agogo, ɗari. Ya miƙe ya kaɗe riga ya ce, "Injina ba ya ƙarya. Ko kunnenka, ko waɗanda suka yi faifan." Na yi dariya a raina, wai kamfanin Columbia da ke New York ne zai yi kuskure, ba rumfar Kasuwar Dole ba. Da ya tafi na juya gefe na biyu, na haɗa All Blues da na waya. Suka tafi tare kamar tagwaye har ƙarshe.

Sati guda abin na cina kafin in binciko. Zama biyu aka yi wajen ɗaukar faifan, 2 ga Maris da 22 ga Afrilun 1959. A zaman farko, wanda ya ba da kiɗa ukun gefen farko, na'urar ɗaukar sauti tana tafiya a hankali fiye da ƙa'ida. Da aka juya zaren a na'ura mai lafiya sai kiɗan ya ɗan yi sauri, muryarsa ta ɗan hau. Haka aka yi ta buga shi ana sayarwa fiye da shekara talatin, sai a 1992 aka fitar da wanda aka gyara, shi ne kuma ya iso wayata. Wanda Kawu ya saurara duk rayuwarsa, wanda yake bi da fito in yana gyaran takardun ɗalibai, mai saurin ne. Ni yanzu in an tambaye ni shi na fi so, ko da yake na san ba haka aka busa shi a ɗakin ba.

Na sayi goro da sukari na koma rumfa, na jira sai da mutanen ranar nan suka taru, na ba Baba haƙuri a gabansu, na ba da labarin. Ya ɓare goro, ya ce, "To su Amurkawan sun ba ka haƙuri?" Sannan ya ce in zuba masa mai algaitar nan a katin waya.

Na sa kafinta ya yi mini kanta mai ɗakuna ƙanana, fayafayan suna tsaye kamar littattafai, a ɗakin ƙasa da ya fi ko'ina sanyi a gidan, ƙafafun kantar cikin gwangwanaye saboda gara. 57 ke kiɗa. Wanda na narkar yana rataye a bango.

Inna ta zo bayan ruwan farko, ta daɗe da fita takaba. Ta zauna a tabarma ta ƙi kujera. Na tambaye ta wanne zan sa, ta ce ita ba ta san sunansu ba, amma akwai wanda wani namiji ke maimaita magana ɗaya kamar mai wuridi, shi yake sawa daren Juma'a. Na gane. A Love Supreme ne, wanda Coltrane ya ɗauka ranar 9 ga Disamban 1964 a ɗakin Van Gelder, ya kuma rubuta a kwalinsa cewa godiya ce ga Ubangiji. Na sa. Ta ce in rage kaɗan, na rage. Ba ta ƙara magana ba, carbinta na hannu ba ta ja. Gefen farko ya ƙare, allura ta shiga filin tsakiya tana ƙas, ƙas, ƙas. Na yunƙura zan juya.

Ta ce, "A'a, ɗana, zauna. Shi ba ya tashi da wuri. Sai ya shanye shayinsa."